BUJI: ƘARAMIN ƘARFE MAI RIƘE DA MOTA

A garuruwa da yawa na karkara, ƙaramar mota guda ita ce ke kai mutane kasuwa, ita ce kuma ke ɗaukar mace mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. In ta ƙi tashi, gari duka ya shiga damuwa. Sau da yawa kuwa abin da ke tsai da ita bai fi tsawon ɗan yatsa ba, shi ne buji.

Aikin buji shi ne kunna wuta. Cikin moter, isansi na gauraya da iska, piston ya matse su, sai buji ya saki tartsatsi mai ƙarfin volt fiye da 10.000, su kama, mota ta samu ƙarfin tafiya. Motar gazuwal ba ta aiki da irin wannan buji. Nata na ɗumama moter ne kafin tashi.

Kuskuren da aka fi yi a tasha shi ne a ce duk bujin da ya shiga rami ya yi. Ba haka ba ne. Akwai abubuwa uku da mai mota ya kamata ya duba.

Na farko, kauri da tsawo. Tsofaffin motoci kamar Peugeot 404 da 504 da Renault 4 suna ɗaukar buji mai kaurin milimita 14, amma sababbi da yawa na 12 ne. Tsawon wurin murɗawa shi ma ya bambanta: akwai gajere, wajen milimita 12 da rabi, akwai na 19, akwai na 26 da rabi. In aka sa dogo wurin gajere, piston na iya bugunsa. In aka sa gajere wurin dogo, tartsatsi ya ɓuya cikin rami, baƙin hayaƙi ya cika sauran wurin.

Na biyu, zafi. Bakin buji na bukatar zafin da ya kai digiri 450 zuwa 500 don ya ƙone dattin da ke taruwa a kansa. In ya wuce digiri 800, sai ya yi ja kamar garwashi, ya kunna isansi tun lokaci bai yi ba, har ya huda piston. Buji "mai zafi" shi ne wanda ke riƙe zafi, "mai sanyi" kuwa yana zubar da shi da sauri. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin rana ke wuce digiri 40, motar da ta cika da kaya kan doguwar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ba ta jure buji mai zafi fiye da wanda aka ƙayyade mata.

A nan ne lamba ke ruɗa mutane. A wurin NGK, in lamba ta hau, buji ya ƙara sanyi: 7 ya fi 5 sanyi. A wurin Bosch da Champion kuwa, in lamba ta hau, zafi ne ya ƙaru. Saboda haka 6 na wannan ba 6 na wancan ba ne. Misali BP6ES na NGK: B na nufin kaurin 14, 6 zafinsa ne, E tsawon 19. In akwai harafin R, bujin ba ya damun rediyo da kwamfutar mota. Sababbin motoci shi suke so.

Na uku, ratar da ke tsakanin ƙarafa biyu na bakinsa. Tsofaffin motoci na son milimita 0,6 zuwa 0,8, sababbi da yawa 1,1. Ana auna ta da ma'auni, ba da ido ba.

Tsohon buji kuma ba a jefar da shi sai an karanta shi. In bakinsa ruwan ƙasa ne ko ruwan toka, moter lafiya take. In baƙi ne busasshe, isansi ya yi yawa, wataƙila ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. In baƙi ne mai maiƙo, mai na haurowa, zobunan piston sun gaji, sabon buji ba zai warkar da su ba. In fari ne fat, ko ya fara narkewa, zafi ya yi yawa, sai a je wurin bakanike nan da nan.

Buji na gama-gari na yin kilomita 20.000 zuwa 30.000, na filatin da na iridiyom na iya kai 100.000. Ana sake su duka tare, moter na sanyi. A share yashin da ke bakin rami tukuna, a fara murɗawa da hannu, sa'an nan a ɗaure da kile, ba da ƙarfin tsiya ba.

Jabu ya yi yawa a kasuwa, araha kuwa ba ta ado. Mai mota ya nemi lambar da maƙeran motar suka rubuta cikin littafinta, ya rubuta ta a takarda, ya saya a shagon da ya amince da shi, ya kuma ajiye sabon buji guda da kilensa cikin mota kafin damina ta raba ƙauye da gari.