SABON MATUƘIN JIRGIN SAMA: HELIKWAFTA KO JIRGIN FASINJA?

Kowace shekara akwai 'ya'yan Nijeriya da ke kammala koyon tuƙin jirgin sama, waɗansu a kwalejin Zariya wadda aka kafa a 1964, waɗansu a kwalejin Ilorin, waɗansu kuma a ƙasashen waje kamar Afirka ta Kudu da Amurka. Ran da aka miƙa wa ɗalibi lasinsa, iyaye da dangi sukan ɗauka wahala ta ƙare, sai jiran albashi. Alhali kuwa a ran nan ne wata babbar shawara ke jiransa, watau ko ya nemi aiki a kamfanin jiragen fasinja, ko kuwa ya karkata ga helikwafta, wadda jama'a suka fi sani da jirgi mai saukar ungulu. An shirya wannan bayani domin sabon matuƙi, da kuma iyayen da suka kashe dukiyarsu a kan karatunsa. Ko da yake za a riƙa cewa "shi", maganar ta haɗa da mata. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a ƙasar nan da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, a Zariya ta yi karatu, har ta shugabanci kwalejin daga 2011.

SANA'A BIYU CE, BA ƊAYA BA

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne, lasin tuƙin jirgi mai fukafukai dabam, lasin tuƙin helikwafta dabam. Wanda ke da ɗaya ba shi da izinin tuƙa ɗayan, kamar yadda gwanintar direban tirela ba ta ba shi ikon jan jirgin ƙasa. Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ita ke ba da lasin, tana kuma bin ƙa'idodin ƙungiyar duniya mai kula da sufurin sama, watau ICAO.

Bisa ga waɗannan ƙa'idodi, kafin a ba mutum lasin tuƙi na kasuwanci, wanda shi ne ke halatta masa karɓar albashi, sai ya cika shekara 18 da haihuwa. Idan jirgi mai fukafukai ne, sai ya yi awa 200 a sama, ko awa 150 idan a makarantar da hukuma ta amince da tsarinta ya yi. Idan helikwafta ce, awa 150 ake bukata, ko awa 100 a irin wannan makaranta. Kada ƙarancin awoyin helikwafta ya ruɗi kowa. Awa ɗaya a cikinta ta fi awa ɗaya a ƙaramin jirgin koyo tsada nesa ba kusa ba, domin kayan gyaranta sun fi yawa, kuma akwai sassa da yawa a jikinta da ake sauyawa da zarar wa'adinsu ya cika, ko sun lalace ko ba su lalace ba.

Akwai kuma babban lasin, wanda sai da shi ake zama kyaftin a jirgin haya mai matuƙa biyu. Shi wannan sai mai shekara 21. A jirgi mai fukafukai yana bukatar awa 1,500, a cikinsu akwai awa 100 na tashin dare. A helikwafta kuwa awa 1,000 ne, da awa 50 na dare.

To, a nan gizo ke saƙar. Awoyin da mutum ya tara a helikwafta ba a lissafa masa su duka idan ya koma jirgi mai fukafukai, haka nan idan daga can ya dawo nan. Hukuma ita ke duba abin da za ta rage masa, kamfanin da zai ɗauke shi kuma awoyin irin jirginsa kawai yake kallo. Saboda haka wanda ya shekara shida yana kai ma'aikata rijiyoyin mai, sa'an nan ya ce zai koma jirgin fasinja, zai tarar sai ya sāke biyan kuɗin koyo, ya kuma zauna a kujerar mataimaki kusa da wanda ya girme shi a aikin kaɗan ko ma bai girme shi ba. Ƙofar sauyawa a buɗe take, akwai ma waɗanda suka riƙe lasin biyu, amma ga mai farawa, taura biyu ba ta taunuwa.

AIKIN JIRGIN FASINJA

Wannan ita ce hanyar da jama'a suka fi sani, kuma yawancin waɗanda ke fitowa daga Zariya lasin irin wannan jirgi ne a hannunsu. Sai dai lasin shi kaɗai ba ya sa mutum a ɗakin tuƙin Boeing 737 ko Embraer. Kowane babban jirgi yana da takardar shaidar ƙwarewa tasa, wadda ake samu bayan karatu da jarrabawa a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi. Kuɗin wannan kwas da kuɗin waje ake lissafa shi, kuma sau da yawa sai an fita ƙasar. Wani kamfani yakan biya, ya ɗaure matuƙi da yarjejeniyar yi masa aiki na waɗansu shekaru. Wani kuwa sai ya ce ka zo da takardarka. A tsakanin lasin da wannan takarda ne matasa da yawa ke maƙalewa, ga lasin a aljihu, ga zaman gida. Abin da ya fi muni, ita takardar tana bukatar sabuntawa, wanda ya saye ta da kuɗinsa bai sami aiki ba, tana iya mutuwa a hannunsa.

Wanda ya shiga kuwa, awoyinsa sukan taru da sauri. Daga Legas zuwa Abuja kimanin awa ɗaya ne, kuma jirgi ɗaya yana yin sawu da dama a yini. Lokacin aikin Hajji akwai doguwar tafiya daga Kano ko Sakkwato zuwa Jidda da Madina. Jirgi yana tafiya a wajen ƙafa 35,000 daga ƙasa, da gudun fiye da kilomita 800 a awa, kuma mafi yawan tafiyar na'ura ce ke riƙe da shi. Aikin matuƙi shi ne lura, da lissafin mai, da magana da masu ba da hanya, da yanke shawara ran da hazo ya rufe filin Kano ko hadari ya tare hanyar Legas. Daga baya kuma ana iya samun aiki a ƙasashen waje, domin Boeing 737 na Legas da na kowace ƙasa hanyar tuƙinsu ɗaya ce.

AIKIN HELIKWAFTA

A Nijeriya, in an ce helikwafta ta haya, to, maganar man fetur ake yi. Tun da aka sami mai a Oloibiri a 1956, aikin ya yi ta faɗaɗa cikin fadamu da ƙoramun yankin Neja Dalta, inda babu hanyar mota, daga baya ya shiga cikin teku. Filin mai na Bonga, wanda ya fara aiki a 2005, yana da nisan kimanin kilomita 120 daga gaɓa. Ma'aikacin da zai je can, helikwafta ce motarsa. Kamfanoni irin su Bristow da Caverton sun yi suna a wannan aiki, da jirage irin su Sikorsky S-76 da AW139, suna tashi daga Fatakwal da Warri da Legas da makamantansu.

Tuƙinta kuwa aikin hannu ne ƙwarai. Hannun dama yana riƙe da sandar da ke karkata farfela gaba ko baya ko gefe. Hannun hagu yana kan wata sanda da ke ƙara wa farfela cin iska domin hawa ko sauka. Ƙafafu biyu kuma suna sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya, wadda ke hana jikin jirgin juyawa. Kowane ɗaya ka taɓa, sai ka gyara sauran biyun. Shi ya sa tsayar da ita cik a sama, abin da mai kallo ke gani kamar wasa, shi ne ke fara fitar wa ɗalibi gumi. Manyan helikwaftocin teku suna da matuƙa biyu da na'urar taimako kamar jirgin fasinja, amma sauka a kan ɗan dandamalin ƙarfe, wani lokaci a kan jirgin ruwan da igiya ke girgizawa, ga iska, ga dogayen ƙarafa a gefe, wannan sai ido da hannu. A yini ɗaya mutum yana iya yin irin wannan sauka sau da yawa. Kafin a bar shi ya fara, sai ya yi horon kuɓuta daga jirgin da ya kife a cikin ruwa, a cikin wani tafki na musamman. Wanda bai iya iyo ba, ko yake tsoron ruwa, ya san da wannan tun da wuri.

Akwai wata magana da ke yawo cewa idan injin helikwafta ya mutu, faɗowa take yi kamar dutse. Ba haka ba ne. Iskar da ke bi ta cikin farfela yayin gangarowa tana ci gaba da juya ta, kuma ana koya wa kowane ɗalibi yadda zai sauko da ita a hakan. Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce, helikwafta tana aiki kusa da ƙasa da ruwa, inda wayoyin lantarki da dogayen eriyoyi da hazo suke, kuma lokacin gyara kuskure kaɗan ne.

Zaman aikin ma dabam ne. Yawanci akan yi makonni a sansani, sa'an nan a yi makonni a gida. Ɗan Katsina ko ɗan Yola da ya zaɓi wannan hanya ya san cewa wurin aikinsa yana can bakin teku, iyalinsa kuma za su saba da rabuwa da haɗuwa. Ban da aikin mai, akwai helikwaftocin 'yan sanda da na sojan sama da na ɗaukar marasa lafiya da na manyan mutane, amma gurabensu ba su da yawa.

WANNE YA FI TABBAS?

Iyaye sukan yi wannan tambaya, amsarta kuwa ita ce kowace hanya da irin ranar wuyarta. Kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya daina aiki a 2003. Air Nigeria ya tsaya a 2012. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe filayen jiragen sama na ƙasar nan tun daga ƙarshen Maris, ba a koma jigilar cikin gida ba sai a Yuli. A ɗaya ɓangaren kuma, da farashin mai ya faɗi daga 2014, kamfanonin mai a duniya suka rage haƙa, suka rage hayar jirage, har uwar kamfanin Bristow da ke Amurka ta nemi kariyar kotu daga masu binta bashi a 2019. Bambancin shi ne, matuƙin jirgin fasinja yana dogara ga aljihun matafiya da tsadar man jirgi da kuɗin waje, matuƙin helikwafta kuwa yana dogara ga kwangilar da kamfaninsa ya samu. Kwangila in ta ƙare ba a sabunta ba, jirgi da matuƙi duk sai su zauna. Ga shi kuma kamfanonin helikwafta ba su da yawa, saboda haka wuraren da zai koma kaɗan ne.

Albashi yana sauyawa daga kamfani zuwa kamfani da shekara zuwa shekara, don haka kada a gina shawara a kan abin da aka ji a majalisa. Abin da ba ya sauyawa shi ne gwajin lafiya. Kowane matuƙin haya likita na duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, ido da kunne da zuciya da hawan jini, kuma ran da ya faɗi gwajin, lasin ba shi da amfani har sai ya warke. A jigilar ƙasa da ƙasa mai matuƙa biyu, shekara 65 ce iyaka.

KAFIN KA SA HANNU

A ganinmu, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai awa 200 ita ce, wa zai ba ni awa dubu na farko, kuma wa zai biya kuɗin horon da zai kai ni ga wannan kujera? Idan kana da lasin jirgi mai fukafukai, wani kamfanin helikwafta kuma ya ce zai ɗauki nauyin sauya ka, wannan tayi ne da ya cancanci dogon tunani, muddin ka yarda cewa a nan za ka zauna. Amma ka sayar da gonar gida domin ka sauya da kuɗinka, babu kamfanin da ya yi maka alkawari a rubuce, wannan kasada ce babba. Haka nan sayen takardar ƙwarewa a kan jirgin da babu mai amfani da shi a ƙasar nan.

Idan an kawo maka yarjejeniya, ka kai wa lauya ya karanta. Ka san shekara nawa aka ɗaure ka, nawa za ka biya idan ka tafi, ko bashin yana raguwa kowace shekara, da abin da zai faru da shi idan kamfanin ne ya sallame ka ko ya rufe. Idan makaranta za ka koma, ka tambayi NCAA ko ta amince da ita, idan kuma a waje take, ka tambayi abin da ake bukata kafin a mai da lasinta na Nijeriya. Mai zaman jiran aiki kada ya bar takardar lafiyarsa da shaidar tuƙi da na'ura su mutu, kuma kada ya raina aikin koyarwa a makarantar tuƙi ko aikin ƙaramin jirgin shata, domin awoyinsu ana rubuta su a littafi kamar kowane. Sa'an nan, gani ya kori ji. Ka nemi kyaftin ɗaya a kowane ɓangare, ka roƙe shi ya nuna maka jadawalin aikinsa na wata guda: ƙarfe nawa yake tashi, sau nawa yake sauka, da kwana nawa yake yi a gidansa.