Cleendra: Ƙauyen Duwatsu Da Manomansa Suka Gama Kai

Ƙasar Ayalan tsibiri ce, yamma da Ingila. An rarraba karkararta ƙananan yankuna fiye da 60,000, kowane da sunansa da iyakarsa, wani bai wuce gidaje kaɗan da gonakinsu ba. Yau za mu duba ɗaya daga ciki, watau Cleendra, a lardin Donegal, kusa da garin Dungloe, ba nisa da bakin teku.

Wurin nan duwatsu ne da tafkuna da fadama mai sanyi. Kafin mutum ya sami fegin shuka sai ya tsince duwatsu, ya jera su su zama katanga, sa'an nan ya ɗebo ciyawar teku a kwando ya zuba ta zama taki. Abin da suke nomawa a dā shi ne dankalin Turawa da wani hatsi mai kama da alkama, ga 'yar saniya ɗaya ko biyu da kaji. Itace kuwa babu, sai su yanko baƙar ƙasar fadama, su shanya, su hura wuta da ita. Gona ba ta ci da gida, don haka maza sukan tafi cin rani Sikotilan, yara kuma a kai su ƙodago gonakin masu hali.

Amma a ganinmu ba dutse kaɗai ya danne su ba, har da bashin kanti. Mai kanti shi ke ba da gari da shayi da taki bashi, shi ke karɓar ƙwan kajinsu a farashin da ya ga dama, shi ne kuma mai riƙe da littafin lissafi. Wanda ya taɓa cin falle ba sai an yi masa bayani ba.

A nan aka haifi Patrick Gallagher a 1871. Ya yi ƙodago tun yana yaro, daga baya ya yi aikin haƙar ma'adini a Sikotilan, inda ya ga yadda kantin ƙungiyar gama kai ke rage wa ma'aikata tsada. Da ya komo gida, takin zamani ne ya fara haɗa kan maƙwabtansa, gama saye a dunƙule ya fi araha, kuma ana sanin ingancin abin da ke cikin buhu. A 1906 mutum 14 suka zuba sule biyu da sisi kowanne, jimla fam 1 da sule 15, suka kafa ƙungiyar gama kai ta Templecrone.

'Yan kasuwa ba su yi shiru ba, har Gallagher ya taɓa shiga kurkuku na ɗan lokaci. Duk da haka ƙungiya ta ci gaba, ta koma Dungloe, ta shiga cinikin ƙwai, ta buɗe wurin saƙa inda 'yan mata suka sami aiki a gida, ta kuma kawo wa garin wutar lantarki. Gallagher ya rasu a 1966. Kantin yana nan a Dungloe har yanzu, mutanen wurin suna kiransa “Cope”.