Ƙari a Kan Tayin Wani: Daga Teburin Karta Zuwa Kasuwar Kurmi



Tun farko ya kamata in bayyana cewa caca haramun ce, kamar yadda aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta nuna, kuma dokar Shari'a da Jihar Kano ta ƙaddamar a shekarar 2000 ta hana ta. Abin da ya sa na ɗauko wasan kartar Amurka da ake kira poka shi ne, masana lissafi sun daɗe suna auna dabarun ciniki da shi. John von Neumann da Oskar Morgenstern sun yi haka a littafinsu na 1944, wanda ya zama tushen ilmin dabarun gasa.

A nau'in wasan da ya fi yaɗuwa, karta 52 ce, ana ba kowa biyu a rufe, sa'an nan a zagaya ana sa kuɗi bi da bi kafin a buɗe wata karta a tsakiya. Wani zai yi ƙari, wani kuma ya ƙara a kan ƙarin nasa. Wannan ƙari na biyu shi ne zancenmu, musamman ga wanda ya zauna a tsakiyar layi, wato ya ji ta bakin na gabansa amma bai ji ta na bayansa ba.

Alal misali, a ɗauka akwai N15 na tilas a tsakiya, na farko ya sa N30, shi kuma ya mayar da shi N90. Ya jefa N90 ke nan domin ya ci N45. Idan hannunsa ba shi da ƙarfi, sai kowa ya janye sau biyu cikin uku kafin ya tashi ba riba ba faɗuwa. Bugu da ƙari, hanyoyin haɗa karta biyu 1,326 ne, shida daga ciki ne ke ba da hannu mafi ƙarfi, wato sau ɗaya cikin 221. Idan mutum huɗu ne a bayansa, hatsarin ya ninka kusan sau huɗu. Saboda haka ƙa'idar ita ce, na tsakiya kada ya yawaita ƙari, in kuwa zai yi, to ya zama yana da abin da zai tsaya a kai. Na ƙarshe shi ke da sarari, domin ya riga ya ji kowa.

To, mu dawo gida. A Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), idan dillali ya ɗaga riga a gwanjo, mai taye na tsakiya yana cikin wannan halin. Tayin na gabansa ya nuna masa cewa kayan na da daraja, amma bai san nauyin aljihun waɗanda suka yi shiru ba. Ƙaramin ƙari yana gayyato su, babban ƙari kuma yana iya sa a sallama masa a kan kuɗin da ya wuce kima. Mai hankali yakan yanke iyakarsa a zuci tun kafin ya buɗe baki.

Sai dai akwai inda hanyoyin biyu suka rabu. A poka, yin ƙari don ruɗin abokin wasa ginshiƙi ne na dabarar. A kasuwa kuwa, ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, domin wani ya biyo baya ya afka, shi ne najashi, wanda Imam Malik ya yi bayanin haninsa a Muwaɗɗa. Haka kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan birnin nan, ta hana taya abin da ɗan'uwa yake ciniki idan sun kusa daidaitawa, amma ba ta hana a farkon ciniki ba.

A taƙaice, lissafi yana koya wa ɗan kasuwa lokacin da ƙari zai amfane shi, fiƙihu kuma yana gaya masa lokacin da ƙarin ya halatta. Wanda ya riƙe na farko ya saki na biyu zai iya cin ribar yini ɗaya, amma dillalai ba sa mantuwa.