Zaman Misfala Bayan Tsufa: Abin Da Ya Kamata Dattawanmu Su Sani

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, dattawan zango sun zo wurinmu da magana iri guda. Mutum ya yi shekara arba'in yana fataucin goro ko shanu, ya aurar da 'ya'ya, ya miƙa shago ga babban ɗa. Abin da ya rage masa a rai shi ne ya koma Makka, ya kama ɗaki a Misfala, ya riƙa salla a Harami har ranar da Allah Ya karɓi abinSa. Wani ma har ya ce mana akwai dillalin da ya yi masa alkawarin bizar 'yan ritaya, in ya sayar da gidansa ya kawo kuɗi. Saboda haka muka ga ya kamata mu baje wannan magana a fili, don mai tambaya ba ya ɓata.

Me ya sa Misfala?

Misfala unguwa ce daga kudu da Harami, a gangaren kwarin Makka, shi ya sa ma aka ba ta wannan suna, watau ƙasa-ƙasa. Titin Ibrahim Halil ne ya ratsa ta. Alhazanmu sun san ta sarai, gama a nan da yawansu kan sauka, kuma daga nan da ƙafa ake zuwa salla. Ita da Shara Mansur sun daɗe da zama matattarar mutanenmu, waɗanda ake kira takari. Mutum ya ji Hausa a bakin titi, ya sayi tuwo da miyar kuka kamar yana gida.

Kakannin waɗannan mutane da ƙafa suka tafi. Sukan bi ta Cadi da Sudan, su tsaya su yi aikin auduga su tara guzuri, su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Wasu sun yi shekaru a hanya. A 1903, da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita da jama'a mai yawa da niyyar gabas, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ja sauran har Sudan. Waɗanda suka isa Makka a wancan zamani, in sun so sai su zauna abinsu.

To, jama'a, wannan ƙofa ta rufe.

Yadda doka take

Baƙo ba ya zama a Saudiyya sai da takardar zama, watau igama, kuma galibi sai da kafili, mutumin ƙasa ko kamfanin da ya ɗauke shi aiki. Igama ta mai aiki ce da iyalinsa. Wasu ƙasashe sun yi wa tsofaffi biza tasu daban. Dubai ta buɗe irin wannan a 2020, ta shekara 5, ga wanda ya kai shekara 55 kuma yana da dukiya. Amma Dubai daban, Makka daban. Duk wanda ya ce zai samo muku bizar ritaya ta zama a Misfala, ku tambaye shi sunanta a dokar Saudiyya.

Abin da ya fi kusa da ita shi ne igama ta musamman wadda aka kafa a 1440 na Hijira, watau 2019. Ita ba ta bukatar kafili. An yi ta iri biyu: ta dindindin a kan Riyal 800,000 biya ɗaya, wajen Dala 213,000 ke nan, da ta shekara-shekara a kan Riyal 100,000. Mai nema sai ya nuna fasfo mai rai, da shaidar yana da abin hannu, da takardar likita, da shaidar ba shi da laifi a kansa. Dokar 2019 ba ta ba shi damar mallakar gida a Makka ko Madina ba, sai dai cin moriyarsa har shekara 99. A watan Janairu 2024 aka ƙara wasu hanyoyi biyar, ciki har da ta mai gida wanda kuɗinsa ya kai Riyal miliyan 4.

Kowa ya auna aljihunsa. Mu dai mun san fataken zango kaɗan ne za su iya ɗaukar wannan kaya.

Masu lafewa bayan Umra

Akwai masu cewa, ai sai a shiga da bizar Umra a lafe. Muna roƙonku da girman Allah ku bar wannan shawara. A watan Nuwamba 2013 hukuma ta kwashe dubban baƙi marasa takarda ta mayar da su ƙasashensu, aka kuma sake wani shiri a 2017. A 2025 Ma'aikatar Cikin Gida ta Saudiyya ta sanar cewa wanda ya wuce wa'adin bizarsa yana iya biyan tara har Riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata 6, sa'an nan a kore shi.

Ku dubi tsohon da ba shi da igama. In ciwo ya kama shi yana tsoron asibiti. Ba ya iya kama haya da sunansa. In ya hangi askarawa gabansa ya faɗi. Ga shi kuma an rushe tsofaffin gidaje da yawa kusa da Harami an gina manyan masaukai, haya ta yi tsada. Wanda ya tafi neman natsuwa sai ya ƙare da ɓuya, in an kama shi a kai shi Shumaisi, a sa shi jirgi ya dawo zango, ga gida an sayar. Ina amfanin baɗi ba rai?

Shawararmu

Na ɗaya, kada dattijo ya sayar da gidansa saboda maganar dillali. Gida biyu maganin gobara.

Na biyu, wanda ke da ɗa ko 'ya mai igama a can, su nema masa bizar ziyarar iyali, ya je ya zauna iyakar wa'adi ya dawo.

Na uku, mai hali ya riƙa zuwa Umra ta hannun wakili mai lasisi, ya duba ranar da bizarsa za ta ƙare tun kafin ya tashi. Kuɗin hayar shago guda na iya kai mutum Makka sau da yawa cikin mutunci.

Na huɗu, mai dukiyar da ta isa igama ta musamman ya nema daga hukumar Saudiyya kai tsaye, ya kuma bar wasiyya a rubuce gaban shaidu kafin ya tafi.

Son Makka ibada ne, ba mai musu. Amma ba wanda ya san ƙasar da za ta rufe shi, sai Allah. Duk wanda aka zo masa da irin wannan magana ya kawo takardun ga shugabannin ƙungiya mu duba tare kafin ya fid da ko sisi. Allah Ya kai mu ƊakinSa ta ƙofar gaba, Ya sa mu cika da imani, amin.