Gaskiya ko Jita-jita: Ruwa Mai Gudu Yana Wanke Gubar Feshi?

Da rani, a bakin Kubanni ta wajen Gyallesu, mai lambu kan gama fesa wa tumatirinsa magani ya gangara ya ɗauraye tankin feshi a rafin. Ka yi masa magana ya ce, "Haba Malam, ai ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa."

Wannan jita-jita ce, kuma mai haɗari. Akwai gubar da ba ta narkewa a ruwa, sai dai ta manne wa laka ta kwanta a ƙasan rafi. Mafi muni a irin wannan guba ita ce dayoksin. Ba wanda ke haɗa ta da gangan. Tana fitowa ne yayin sarrafa wasu magungunan kashe ciyawa, irin 2,4,5-T da sojojin Amurka suka fesa a dazukan Biyetnam a shekarun 1960. A birnin Sidni na Ostireliya, masana'antar Union Carbide ta yi irin wannan magani a bakin ruwa. An rufe ta a tsakiyar shekarun 1980, amma a 2006 sai da hukuma ta hana kamun kifin sayarwa a tashar ruwan birnin, domin gubar tana nan a laka, tana shiga kifi da jatan lande. Ruwan teku guda ya kasa wanke ta cikin shekara ashirin, balle Kubanni da ke ƙafewa saura kaɗan a watan Afrilu.

Masu cewa mu ba mu da teku su tuna Kubanni a Galma take zuba, Galma a kogin Kaduna, shi kuma a Neja.

Wasu sun ce suya tana kashe gubar. A'a. Dayoksin a kitse take taruwa, zafin kasko bai isa ya lalata ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na wadda ke shiga jikin mutum ta abinci take bi, musamman nama, madara da kifi, kuma sai ta yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinta ya fita.

To, duk maganin feshi ne ke ɗauke da ita? Wannan ma ba haka ba ne. Piya-piya da gamalin illarsu daban, ko da yake ba ƙarama ba ce. Saboda piya-piya Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. A ganina babbar hanyar dayoksin a unguwanninmu ita ce wutar bola: leda, roba, kwalaben magani, da wayar lantarki da yara ke ƙonawa don cire tagulla. Ruwan farko ya sauka, tokar ta bi kwata ta faɗa rafi.

Don Allah manoma, ku zuba ɗaurayar tanki a rami nesa da ruwa. Masu unguwa kuma ku hana cinna wa bola wuta a bakin Kubanni.