Yawan Ɗaukewar Netwok a Ofisoshin Jalingo: Inda Ya Kamata a Fara Bincike

A ma'aikatu, makarantu da shagunan buga takardu na Jalingo, babban birnin Jihar Taraba tun kafuwarta a 1991, ayyuka da dama sun koma kan kwamfuta, daga biyan kuɗi ta Remita har zuwa rajistar JAMB, kuma duk sun dogara ne da netwok, wato haɗin wayoyi da na'urorin da ke sada kwamfutocin ofis da juna sannan su sada su da intanet. Netwok ɗin da ya mutu murus yana da sauƙin gyara, domin mai gyara zai zo ya tarar da matsalar a inda take. Wanda ke ɗaukewa yana dawowa shi ne mai cin lokaci da kuɗi, domin yakan lafa daidai lokacin da aka kira masani, ya taso bayan ya juya baya.

Abin da aka saba shi ne a ɗora laifi kan kamfanin sadarwa, kuma wani lokacin da gaskiya a cikin zargin. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, sun lalace a yankin Afirka ta Yamma, lamarin da ya gurgunta sabis a Najeriya na kwanaki, sannan masu aikin hanya sukan tsinke wayoyin faiba da aka binne a gefen titi. Sai dai sau da yawa cutar tana cikin ofis, kuma ba a gano ta da zato. Matakin farko shi ne a ajiye littafi a riƙa rubuta lokacin da netwok ya ɗauke, da kwamfutocin da abin ya shafa, da abin da ke gudana a ofis a wannan lokacin, domin bayan mako guda za a ga ko matsalar tana bin wani lokaci ko wani ɗaki.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ake kira ping, wanda ke aika ɗan gajeren saƙo zuwa wata na'ura ya jira amsarta. Ana buɗe shi sau biyu a kwamfuta ɗaya, na farko zuwa rauta, wato na'urar da ke shigo da intanet ofis, wadda adireshinta yakan zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na biyu kuma zuwa 8.8.8.8 na kamfanin Google. Idan amsar rauta tana yankewa, matsalar ta cikin gida ce; idan rauta tana amsawa amma ta waje ta yanke, to kamfanin sadarwa ne abin tuhuma.

A Jalingo, wutar lantarki ce ta fi cancantar a fara zargi. Duk lokacin da wutar kamfanin rarraba lantarki na Yola, YEDC, ta ɗauke aka koma janareta, rauta takan mutu ta sake tashi, kuma tashinta kan ɗauki minti ɗaya ko fiye, alhali kwamfutocin tafi-da-gidanka masu batir ba su nuna alamar an taɓa ɗauke wuta ba, don haka ma'aikaci yakan ɗauka sabis ne ya gudu. Raunin wuta ma yana sa na'urar ta riƙa sake tashi da kanta, haka nan jabun caja da aka saya don maye gurbin ta asali. Abin mamaki ne a ga ofis ya saya wa kowace kwamfuta UPS, wato batirin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, amma ya bar rautar da kowa ya dogara da ita a kan soket kai tsaye. Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu suna ƙara wa na'urar da aka kulle a kabad wahala, tsawar damina kuma takan ƙona ramukan da ake soka kebul.

Kebul ɗin kansa yana da iyaka, domin ƙa'idar Ethernet ba ta lamunci tsawon da ya wuce mita 100 ba tsakanin na'ura da na'ura, kuma kebul mai araha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa tagulla yakan gaza kafin nan. Ɓeraye a cikin silin, da ƙofar da ke matse waya, da kan kebul da ya saki, duk suna haifar da yankewa jefi-jefi.

Wata matsalar kuma ma'aikata ne ke jawo ta da kyakkyawar niyya. Kowace na'ura tana buƙatar adireshi nata na kanta, wanda rauta ke rabawa. Idan wani ya kawo rauta ta biyu ya jona don ƙara ƙarfin Wi-Fi a ɗakinsa, sai na'urori biyu su shiga raba adireshi, kamar limamai biyu a sahu ɗaya, wasu kwamfutocin su bi wadda ba ta da intanet. Ya dace kwamfutocin da ke aikin kuɗi su kasance a kan kebul, a bar Wi-Fi ga wayoyin hannu.

Idan bincike ya nuna laifin daga waje yake, sai a kai ƙorafi ga kamfanin tare da abin da aka rubuta a littafin, a kuma karɓi lambar ƙorafi a ajiye. Wanda kamfani ya ƙi saurara yana da damar kiran Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, kyauta a lamba 622.