Zinarin Birnin Gwari da Sisin Gwal: Me Mai Ajiya Zai Saya?

Tun zamanin Turawa ake haƙar zinari a ƙasar Birnin Gwari. An fara haƙar zinari a hukumance a Nijeriya a 1913, harkar ta kai ƙololuwa a shekarun 1930, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da ita. Tsohon Birnin Gwari da Kwaga na cikin wuraren da masana ma'adinai ke ambata har yau, kuma jijiyar dutsen da ke ɗauke da arzikin ta ratsa gefen dajin Kamuku ta shiga Neja da Zamfara. Matasa na shiga rami, a fasa dutse, a niƙa, a wanke, a kama ƙurar da zaiba, a ƙona, dillali ya ɗora a sikeli ya ƙirga naira. Zinarin ya kama hanya, akasari ya ƙare a Dubai, mai haƙa kuma a bar shi da takardar kuɗin da darajarta ke zaizayewa a aljihu.

Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekara. Shi ya sa manomi da mahauci da malamin makaranta suka fara tambayar da a da mata da attajirai suka fi yi: wane sulalla na zinari ko azurfa mutum zai tara, ya same shi da daraja bayan shekara goma ko ashirin?

Kakanninmu sun taɓa fuskantar wannan tambaya. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Liyari shi ne dalar azurfa ta Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda fatake ke shigo da ita ta Sahara. Daga baya wuri ya yi ta kwararowa daga bakin teku har ya yi arha, Turawa kuma suka zo suka kore shi daga kasuwa. Mai rumbun wuri ya tashi a tutar babu, mai liyari kuwa ya kai wa maƙerin fari, aka auna aka biya shi, ko aka ƙera wa iyalinsa mundaye. Haka aka sake gani da kuɗin Turawa: taro da sisi da sule da fataka da aka fara bugawa a 1913 na azurfa ne, amma daga 1920 aka koma buga su da gamin tagulla. Na farkon suna da masaya har gobe, ko da hoton sarkin ya goge. Sulallan naira ɗaya da naira biyu na 2007 kuwa ko yaro ba ya karɓarsu.

Daraja iri biyu ce a jikin sulalla, kuma dole mai ajiya ya rarrabe su. Akwai ta ƙarfen da aka yi shi da shi, akwai ta tarihi da ƙarancinsa. Aninin farko, na 1907 da 1908, da sanholo aka buga shi, yana cikin sulallan sanholo na farko a duniya, kuma masu tara tsofaffin kuɗi a Turai suna nemansa in bai lalace ba. To amma wannan kasuwa a Landan take, tana buƙatar ido da ilimi da shaidar ƙwararru. A layin 'yan gwal na Kasuwar Rimi a Kano, ko a Kaduna, abin da za a tambaye ka biyu ne: giram nawa, karat nawa. Don haka duk jerin sulallan tunawa da aka jera a akwati mai ƙyalli aka ninka masa kuɗi, ranar sayarwa sikeli ne zai yanke masa hukunci. Liyari ma akwai tarko a cikinsa. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga bayan nan wannan shekarar yake ɗauke da ita, sama da miliyan 300, a Biyana da Landan da Paris da Bombay. Wanda ya ce maka nasa ya shekara 240 saboda lambar da ke jiki, labari yake sayar maka. Abin da ke hannunka giram 28 ne, azurfar cikinsa giram 23.4, kuma ita za ka biya.

A ɓangaren zinari, a nemi abin da duniya ta san awonsa. Fam ɗin zinari na Ingila giram 7.98 ne, karat 22, tsantsar zinarin cikinsa giram 7.32. Krugerrand na Afirka ta Kudu, wanda aka fara bugawa a 1967, giram 33.93 ne, yana ɗauke da oza guda cif, wato giram 31.1. Sisin gwal da ake biyan sadaki da shi a gidajenmu kuwa iri-iri ne: akwai bugun gwamnati, akwai zubin maƙera da ke kwaikwayon hoton, kuma karat ɗinsu kan bambanta. Lambar 916 na nufin karat 22, 875 karat 21, 750 kuma karat 18. Ƙananan sulalla sun fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, domin in kuɗin asibiti ko na taki ya taso, ɗaya zai cire ya bar saura. Sun kuma fi sarƙa da ɗankunne, tunda su ana biyan kuɗin ƙira mai nauyi wanda ba ya dawowa ranar sayarwa.

Ba a cinikin biri a sama. A shagon kirki, mai gwal zai share sikeli ya nuna maka sifili kafin ya ɗora. Zai goga gefen sulallan a baƙin dutse, layi rawaya ya fito, ya ɗiga ruwan gwaji: in layin ya tsaya zinari ne, in ya narke an yi gami ko rufi. Mayen ƙarfe ba ya jan zinari ko azurfa, amma wannan kaɗai bai isa shaida ba, domin 'yan damfara na cusa wani ƙarfe mai suna tungsten wanda nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinari. A auna faɗi da kauri, a nemi shago mai na'urar gwaji, a karɓi rasit mai ɗauke da giram da karat. Kafin a biya kuma a tambayi mai shagon nawa zai saye shi yau in an dawo da shi. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce asarar da mai saye ya fara da ita.

Azurfa ƙofa ce ga mai ƙaramin jari, sai dai farashinta ya fi hawa da sauka, tana dusashewa, kuma tana cin wuri: an yi shekarun da ozar zinari ta ninka ta azurfa sau 80. Ga wanda ke zaune inda tilas kan sa a bar gida cikin dare, wannan lissafi ne na gaske. Zinari ma ba kullum yake hawa ba. Oza ta kai dala 850 a 1980, ta sauko kusan 250 a 1999. Ta kai wajen 1,900 a 2011, ta faɗo kusan 1,050 a ƙarshen 2015, kafin ta haura 2,000 a 2020 da 4,000 a Oktoban 2025. Wanda ya saya a 1980 sai da ya jira shekara 28 kafin ya sake ganin farashinsa. Kuɗin da za a buƙata baɗi ba na gwal ba ne, kuma sayen kaɗan-kaɗan ya fi zuba komai rana ɗaya.

Shari'a ma ta gindaya sharuɗɗa. Zinari da azurfa hannu da hannu ake cinikinsu, ba bashi, ba biya a hankali. Nisabin zinari dinari 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595. Ke nan fam 12 na Ingila ko liyari 26 sun kai nisabi, kuma in shekara ta zagayo za a fitar da ɗaya bisa arba'in. A mazhabar Malikiyya ana haɗa biyun a cika nisabi. Zinari ba ya haihuwa kamar saniya, ba ya tsiro kamar masara, don haka wani sashe na dukiya ya kamata ya zauna a cikinsa, sauran ya tafi gona da kasuwa. A rufe baki game da ajiyar, amma a rubuta ta, a sanar da amintacce guda saboda magada.

Saura tambayar da ta fi nauyi a Birnin Gwari: daga wane rami? Kowa ya san yadda 'yan bindiga suka ɗora hannu a kan wasu ma'adinan yankin, kuma ba a manta da yara aƙalla 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 saboda niƙa dutse a cikin gida ba. Ɗanyen zinari mai arha da ba a san asalinsa ba yana iya zama kuɗin harsashi, ga shi babu mai tabbatar da tsarkinsa sai an tace. A Yulin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sayi sandar zinari mai kilo 12.5 a kan naira miliyan 268 ƙarƙashin shirin PAGMI na ƙananan masu haƙa, wanda Kaduna ke cikin jihohinsa. Tun bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Nuwamban 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, dama ta samu. Ya kamata gwamnatin jiha da masarauta su matsa a kafa cibiyar saye da gwaji a garin, da sikeli na gaskiya da farashin duniya a allo, a kuma riƙa buga ƙananan sulalla masu hatimi na giram biyu da huɗu da takwas. Ta haka mai haƙa zai iya riƙe wani abu daga guminsa, mai ajiya kuma ya sayi abin da ya san nauyinsa da asalinsa.